Shawarar jariri ce ta tono ciwon gado a gida guda: labarin gwajin alfa-1

Yaron yana da sati biyar a duniya uwarsa ta koma dashi asibiti saboda shawara taƙi tafiya. Ni nas ce a ɓangaren masu ciwon huhu a wani asibiti a ƙasar Ailan, ba ɓangaren yara nake ba, dan haka farkon labarin a fayil na ganshi sai kuma abinda uwar ta faɗa min da bakinta, amma daga inda aka fara gwada manyan gidan toh dani akayi. Na sauya wasu abubuwa yadda ba wanda zai gane ko su waye.

Shawarar jarirai an saba ganinta, yawanci kafin sati biyu ta wuce abinta. Wannan kuwa sati biyar idonsa na nan rawaya, fitsarinsa yana rina pampas, kashinsa ya koɗe yayi fari-fari, kuma yana kama nono sosai amma nauyi baya ƙaruwa yadda ake so. Da aka auna bilirubin, wato sinadarin da yake sa rawayar, sai aka raba shi gida biyu, wanda hanta bata riga ta sarrafa ba da wanda ta sarrafa amma ya kasa fita, aka ga na biyun ne yayi sama. Wannan yana nuna matsalar a hanta take ko a hanyar ruwan matsarmama. Abinda likitocin yara suka fi jiwa tsoro a irin wannan shine toshewar hanyar matsarmama da ake haihuwar wasu yara da ita, dan ita tiyata take so kuma ana son ayi kafin yaro ya cika wata biyu, shi yasa ba ayi wata-wata ba aka shiga sikanin da sauran bincike har aka tabbatar hanyar a buɗe take. Toh cikin jinin da aka ɗiba ranar farko akwai awon wani furotin da ake kira alfa-1 antitiripsin. A jinin mai lafiya ana samun kamar giram 0.9 zuwa 2 a kowace lita, nashi ya fito 0.3. Dakin gwaji da kansu suka tura jinin aka duba wane iri ne, sakamako ya dawo da harufa biyu, ZZ. Aka ɗora shi kan bitamin A, D, E da K, musamman K ɗin dan irin yaran nan in ya musu ƙaranci jini na iya ɓalle musu har cikin kai, aka ƙara masa da wata madara ta musamman mai kitsen da hanji ke iya tsotsewa ko da ruwan matsarmama bai isa ba.

Shi wannan furotin hanta ce ke yinsa ta zuba a jini, amma babban aikinsa a huhu yake. Fararen ƙwayoyin jini in sun zo yaƙi da cuta ko hayaƙi a huhu suna sakin wani sinadari mai suna elastes wanda yake narkar da abu, kuma baya bambance ƙwayar cuta da naman huhun kansa, alfa-1 ne ke taka masa burki. Kowa yana gadon ƙwayar halittar da ke yinsa guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sunanta SERPINA1 tana kan kuromosom na 14. Lafiyayyar ita ake kira M. Wadda ake kira S tana rage yawansa kaɗan, an fi samunta a Sifaniya da Fotugal. Ita kuwa Z canji ɗaya tak ne a jikin furotin ɗin amma yana sa shi ya naɗe ba daidai ba, sai ƙwayoyinsa su riƙa manne wa juna su dunƙule a cikin hanta su kasa fita. Kamar injin niƙa ne da gari ya toshe masa baki, injin yana ta wahala yana zafi, masu jiran gari kuma suna zaune ba abinda ya iso musu. Hanta na cutuwa da cunkoso, huhu na cutuwa da rashi. Mai ZZ bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abinda ya kamata yake samu a jininsa ba, kuma likitoci sun daɗe suna ɗaukar wajen giram 0.5 a lita a matsayin layin da in an yi ƙasa dashi huhu ya rasa kariya.

A 1963 aka gano ciwon a Malmo ta ƙasar Suwidin, Carl-Bertil Laurell da Sten Eriksson suka lura a cikin jinin mutane kusan 1,500 akwai biyar da layin wannan furotin ya ɓace a takardar gwajinsu, uku daga ciki huhunsu ya lalace tun da ƙuruciya. Sai a 1969 Harvey Sharp a Amurka ya haɗa shi da ciwon hantar yara. Ciwo ne da yafi yawa a Turawan arewacin Turai da zuriyarsu, kuma Ailan na cikin inda yafi yawa, binciken da aka fitar a nan a 2011 ya nuna kusan mutum 1 cikin 25 yana ɗauke da Z guda ɗaya, ZZ kuma kusan 1 cikin 2,100. Tun 2004 akwai shiri na ƙasa na gwada masu alamomi da danginsu, ta nan iyalin nan suka iso wurinmu.

Uwar tun suna kwance da yaron aka ɗebi jininta, ta fito MZ, abinda ake tsammani kenan. Mijin kuwa aikin gini yake a wani gari mai nisa sai ƙarshen sati yake zuwa gida, kuma a satin ya kwanta da tari da zazzaɓi, da yaje wurin likitan unguwarsu karɓar magani sai yace a haɗa masa da gwajin nan da akace iyayen yaro suyi. Aka cike fom aka rubuta alfa-1 antitiripsin, shikenan, ba a rubuta cewa ɗansa ZZ ne ba, ba a nemi a duba iri ba. Awo ya fito 1.3, yana cikin iyakar lafiya, aka bugo masa waya akace gwajinka lafiya lau. Shi kuma ya riga ya karanta a intanet cewa yaro baya zama ZZ sai ya samu Z daga uwa ya samu Z daga uba. Bai fito fili ya zarge ta ba, amma ya ɗauke mata wuta, in yazo gida a falo yake kwana, yaron ma ya daina ɗauka, rannan dai ya tambaye ta, "Tunda ni ance bani da shi, ɗayar Z ɗin daga ina ya samo ta?" Mace da jego, da jariri mara lafiya, da wata yarinya 'yar shekara huɗu a hannu.

Lambar sashenmu na jikin takardar da aka bata a asibitin yara, ta kira ni na ɗauka, tana magana muryarta na rawa. Nace ta ɗauko takardar sakamakon mijin ta karanto min duk abinda ke jiki. Ta karanto 1.3. Nace akwai wasu harufa, MM ko MZ ko wani abu mai kama da haka? Ta duba gaba da baya tace babu, lamba ce kawai. Nace ranar da aka ɗebi jinin lafiyarsa ƙalau? Tace ina, ai zazzaɓi ne ya kai shi, har maganin kashe ƙwayoyin cuta aka bashi. Nace duba ƙasa ko akwai inda aka rubuta CRP, wato awon da ke nuna ko jiki na fama da cuta ko kumburi, tace akwai, 86, kuma an sa masa alamar tauraro. Nace mata, "Ki kwantar da hankalinki, wannan takardar bata ce mijinki bashi da Z ba, ba a ma duba ba tukunna. Ki ce masa yazo, likita zai zauna daku ku biyu." Tayi shiru, can naji ta fashe da kuka.

Ga inda matsalar take, kuma saboda ita nake ganin ya kamata a san wannan labarin. Gwajin alfa-1 hawa uku ne, kowanne da tambayar da yake amsawa. Na farko awon yawa, nawa ne a jini yau. Yana da araha kuma kusan kowane babban ɗakin gwaji na yinsa, amma shi alfa-1 yana cikin furotin ɗin da hanta ke ƙara yawansu duk lokacin da jiki ke fama da cuta ko kumburi, haka in mace na da ciki ko tana shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin. Mai ZZ ko ya kwanta ciwo nashi baya hawa har ya kai na lafiya, dan haka awon yana kama su. Amma mai MZ wanda dama yana da kamar kashi 60 cikin ɗari, zazzaɓi ɗaya ya isa ya ɗaga shi ya shige cikin masu lafiya tsaf, wasu ma ba zazzaɓin suna gefen layin. Shi yasa ake son a haɗa da CRP a jini ɗaya, in CRP yana sama toh a san lambar ta kumbura. Na biyu duba irin furotin ɗin kansa, ana ɗiga jini a kan wani faranti mai kama da jeli a sa wuta, kowane iri ya tafi ya tsaya a wurinsa, daga nan ma harufan suka samo asali, M a tsakiya take tsayawa, S a hankali take tafiya, Z ce ta ƙarshe. Na uku duba ƙwayar halittar kai tsaye, ko da ɗigon jinin yatsa a kan kati ko da auduga a goga cikin kumatu, wannan ba ruwansa da zazzaɓi ko ciki. Shima da nashi rauni, dan wanda aka fi yi S da Z kawai yake nema, alhali akwai ire-ire sama da ɗari, in mutum na da wani baƙon iri sai takarda ta nuna kamar MM ne. Akwai wanda ake kira F da yawansa ke fitowa daidai amma baya aiki da kyau, akwai kuma waɗanda hanta bata yin furotin ɗin kwata-kwata, su huhunsu ne ke shan wahala hantarsu kuma lafiya lau tunda ba abinda ya dunƙule a ciki. Ƙa'idar da muke bi ita ce a ajiye lamba kusa da harufa a ga ko sun yarda da juna, in sun saɓa sai a tura a karanta ƙwayar halittar gaba ɗayanta. Kuma dole a tambayi mutum ko an ƙara masa jini kwanan nan ko an taɓa masa dashen hanta, dan wanda aka yiwa dashe furotin ɗin mai hantar ne ke yawo a jininsa.

Mijin yazo ransa a haɗe. Likita ya zana masa a takarda yadda abin yake, na soke masa yatsa na ɗiga jini a kati, aka kuma ɗebi na jijiya. Harufa suka dawo MZ ta hanyoyin biyu, da aka sake awon yawa bayan ya warware sarai sai ya fito 0.8. Ranar da aka faɗa masa jikinsa yayi sanyi, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙa hannu ya karɓi yaron daga hannun matar. Abinda ya wakana tsakaninsu a gida nasu ne. Ni dai abinda ya tsaya min a rai, layi ɗaya a fom, a rubuta ɗansa ZZ ne a duba iri, da ya hana duk wannan, kuma sakamakon gwajin gado bai kamata a bada shi ta waya da kalma biyu ba.

Mun san irin wannan a gida da jinotayip, AS da AS su haifi SS, lissafin ma iri ɗaya ne, MZ da MZ kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu ya zama ZZ, biyu cikin huɗu MZ, ɗaya cikin huɗu MM, kuma kowane ciki lissafinsa sabo ne ba wai tunda an samu ɗaya sauran uku sun tsira ba. Amma dan Allah kar a haɗa su, S ta alfa-1 ba S ta sikila bace, wanda takardarsa ta alfa-1 ta nuna SS ba sikila gare shi ba, yawanci ma ba abinda ke damunsa. Kuma ba ina cewa kowa a Kano ko Maraɗi ya tafi neman wannan gwajin bane, Z tayi ƙaranci sosai a wurinmu, mai ciwon hanta a gida hepatitis B za a fara nema, mai haki kuma tarin fuka da hayaƙin itace da taba. Wanda abin ya shafa kai tsaye shine wanda ya haɗa zuriya da Turawa, ko wanda likita ya bincika ya rasa dalilin ciwonsa. Abinda ya shafi kowa kuwa shine jaririn da shawara ta wuce masa sati biyu, balle kashi ya koɗe fitsari yayi duhu, wannan ba na shanyawa a rana bane ko jiƙe-jiƙe, a kai shi a raba bilirubin ɗin nan gida biyu.

Shi mijin ba a sallame shi da cewa kai mai ɗauke da shi ne kawai ba, dan yana shan sigari kusan kwali a rana ga ƙurar siminti. Wani bincike da akayi a nan Ailan aka fitar a 2014 ya kwatanta 'yan gida ɗaya, ya nuna mai MZ da baya shan taba huhunsa kamar na kowa ne, amma mai MZ da yake sha yafi ɗan uwansa MM mai sha shiga haɗarin toshewar huhu. Haka hantar mai MZ bata jure giya da ƙiba kamar ta sauran mutane. Gwajin hurawarsa ya fito daidai, aka haɗa shi da masu taimakawa a daina taba, aka kuma ce masa ko baƙo ne kar ya kunna sigari a gidan da yaron yake, ko a mota.

Da likita ya fara zana bishiyar dangi sai wani abu ya fito. Su uku ne a gidansu, da yayansa namiji da ƙanwarsu mace. Babansu ya rasu yana da shekara 61 da ciwon hanta, cikinsa ya kumbura da ruwa, kowa yace giya ce duk da su 'ya'yan sun ce bai fi abokansa sha ba. Yayan kuma, baffan jaririn kenan, shekararsa 44, manomi ne mai kiwon shanu, wai asma gare shi tun yana 35. Likita ya ɗago yace asmar da ta fara a 35? Akwai mai asma a gidan? Babu. Inhela na masa aiki? Mijin yace kullum tana aljihunsa amma kullum cikin haki yake.

Baffan nan na hango shi ta taga ranar da yazo. Daga inda ya ajiye mota zuwa ƙofarmu ba nisa, amma sai da ya tsaya a hanya ya dafa bango, ya sunkuyar da kai yana fitar da iska ta ɗan tsukakken baki, ya zaro shuɗiyar inhela ya shaƙa. Dogo ne, ƙirjinsa ya buɗe amma hannuwansa sun rame. Da ya zauna yace min shi dai ƙaninsa ne ya matsa masa, shekaru ne kawai da aikin gona. Na maƙala masa abin toshe hanci na bashi bututun na'urar hurawa nace ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa, yana busawa ina cewa ci gaba, ci gaba, fuskarsa tayi ja iskar na fita siririya taƙi ƙarewa. Abinda ya iya fitarwa a daƙiƙar farko kashi 46 cikin ɗari ne na abinda ake tsammani ga mai shekarunsa da tsawonsa. Na bashi salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, muka jira muka sake, kusan ba abinda ya canza, mai asma kuwa yawanci sai kaga lambar ta ɗaga. Hoton CT ya nuna ƙananan jakunkunan iska sun yayyage sun zama manyan ramuka, abinda ake kira emfisima, kuma a ƙasan huhu abin yafi muni, alhali na taba zalla a sama ya saba farawa. Awon jininsa 0.24, harufa ZZ. Da aka gwada tsohuwarsu ta fito MZ, kenan marigayi babansu ma yana da Z aƙalla ɗaya, ko guda biyu ne ba mai iya sani yanzu.

Shekara tara mutumin nan yana karɓar inhela ba wanda ya taɓa sa shi ya busa na'ura. Abin yana min ciwo, dan tun 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar a gwada duk mai COPD, wato daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, da wanda asma ta kama da girma ko sau ɗaya ne a rayuwa, ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Turai suka sake jaddadawa a 2003. Kuma ba shi kaɗai bane, wani bincike a Amurka a 1994 ya samu cewa tsakanin fara jin alamomi da gano ciwon ana ɗaukar sama da shekara 7 a matsakaici. A shekarun nan tara yana shan sigari, yana kwasar busasshiyar ciyawa mai ƙura ba takunkumi, da sanyi kuma yana zaune gaban murhu. Naman huhun da ya narke baya dawowa.

Abinda aka iya masa, taba ta farko, kuma ya daina a ranar da yaga hoton CT ɗinsa. Aka canza masa inhela zuwa masu dogon aiki, aka sa shi a ajin motsa jiki na masu ciwon huhu na sati takwas, aka masa rigakafin mura da nimoniya da korona, da na hepatitis A da B saboda hanta. Ya tambayi maganin ƙarin furotin da ya karanta, wanda ake tacewa daga jinin masu bada gudummawa a ɗaura wa mutum ta jijiya duk sati, miligiram 60 kan kowane kilo na nauyinsa. Amurka ta amince dashi tun 1987, kuma wani bincike mai suna RAPID da aka fitar a 2015 kan mutum 180 ya nuna yana rage saurin zaizayewar huhu a hoton CT. Baya gyara abinda ya lalace, baya yiwa hanta komai tunda ita cunkoso ne matsalarta, ba a ba mai shan taba, kuma yana da tsada ƙwarai, a Jamus ana bayarwa, a nan kuwa samunsa ba abu ne mai sauƙi ba kuma shi bai samu ba. Ta ɓangaren hanta awon jininsa ya fito daidai, amma likita bai tsaya nan ba dan a wannan ciwon hanta na iya yin tauri jini bai nuna ba, aka masa FibroScan, wato sikanin da ke auna taurin hanta, aka ga ta fara tauri kaɗan bata kai ga lalacewa ba. Aka ce ya bar giya gaba ɗaya, ana bibiyarsa.

'Ya'yansa uku ba sai an soke su ba aka san kowanne na da Z ɗaya, tunda shi ba abinda zai bayar sai Z. Matarsa aka gwada ta fito MM kuma lambarta ta yarda da harufan, kenan duka ukun MZ ne. Babban ɗan shekara 17 ya riga ya fara zuƙar sigarin lantarki, uban da kansa ya kawo shi ya zauna yaji bayani. Yayar jaririn kuwa, 'yar shekara huɗun, an tattauna da iyayen ko a gwada ta yanzu ko a bari ta girma ta zaɓa da kanta, suka ce ayi tunda in ZZ ce ana so a duba hantarta, ta fito MM.

Jaririn shawararsa ta washe kafin ya cika wata biyar, nauyi ya kama, awon hantarsa har yanzu yana ɗan sama kaɗan kuma likitocin hantar yara na ganinsa lokaci-lokaci. Abinda aka dogara dashi wurin yiwa iyayen bayani daga Suwidin ya fito, inda tsakanin 1972 da 1974 aka gwada jarirai 200,000 aka samu 127 masu irin wannan, kusan ɗaya cikin goma ne suka yi doguwar shawara irin tasa, kaɗan daga ciki hantarsu ta lalace, mafi yawa suka girma lafiya, kuma da aka bi su har girma an ga basu kama shan taba kamar sa'o'insu ba. Amma an dakatar da wannan gwajin na jarirai, kuma cikin dalilan akwai tashin hankalin da ya jefa iyaye a ciki, dan an faɗa musu abu mai nauyi ba tare da an zauna dasu yadda ya kamata ba.

Saura ƙanwarsu. Shekararta 36, tana shan taba, kuma tunda babban yayanta ZZ ne damar ta zama ZZ aƙalla ɗaya cikin huɗu ce, in babansu Z biyu gare shi ta kai rabi. Ta kafe bata so. Farko tace tana neman bashin sayen gida tana tsoron kamfanin inshora, aka aika mata bayani cewa dokar nakasassu ta 2005 a Ailan ta hana amfani da sakamakon gwajin ƙwayar halitta wurin inshora ko ɗaukar aiki ko bashin gida. Sai ta faɗa wa matar yayanta gaskiya, tace ta ga yadda babansu ya ƙare, ta ga yadda yayansu ke haki, ita bata son takardar da zata riƙa tunawa duk safiya. A ganina ita ce tafi kowa buƙatar gwajin a gidan, dan ita ce har yanzu bata fara haki ba kuma abinda zai fi cutar da ita yana hannunta ta ajiye, na faɗa wa yayanta haka, nace ko bata yi gwajin ba a roƙe ta ta bar tabar kuma tazo ta busa na'ura. Likita ya rubuta wasiƙar da ake ba dangi, mai bayanin ciwon da sunan gwajin da za a nema, awon yawa da CRP da duba iri duka a jini ɗaya, yayan ya kai mata har gida ta karɓa. Ƙa'idar aiki bata bamu damar mu kira ta ba sai in ita ta neme mu, kuma har yanzu bata kira ba.